Tsohon akordiyon na Jamus: kayan kiɗa ko kayan jere?

A Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin akordiyon masu maɓalli, musamman waɗanda aka ƙera a Jamus kafin yaƙin duniya na biyu. Suna bin gwanjo, suna bin kasuwannin tsofaffin kaya irin Katako ta Yamai, in an yi rasuwa suna leƙa ɗakin shirgin mamaci kafin magada su kwashe su zubar. Abin da suka samu sai su goge shi, su ɗauki hotonsa, su rubuta sunan kamfani da shekarar da suke zaton an yi shi, su ɗora a kanta kusa da ƴan uwansa. A takardun gwanjo sunan da ake ba shi shi ne tsohon kayan kiɗan gargajiya, kuma yabon da ke ɗaga kuɗinsa shi ne a ce yana nan yadda ya fito daga masana'anta, ba wanda ya taɓa cikinsa. Da wanga suna da wanga yabo nake da ja.

Na san akwai kamarad ɗin da zai ajiye takardar nan ya ce, mu da ko bursi ba ta fito ba, ina ruwanmu da akwatin Bature? Gaskiya ne akordiyon bai shiga kiɗanmu ba. Ba ka jin shi wurin biki a Maraɗi ko Tawa, yawancinmu a tele ko a salula kawai muka gan shi. Amma tambayar da ke cikin lamarin ba baƙuwa ba ce gare mu: abin kiɗa na wanda ke kaɗa shi ne, ko na wanda ya iya biyan kuɗinsa?

Sai an san yadda akwatin ke aiki za a gane abin da ake yi masa in an jere shi. Ku ɗauki zugazugin maƙeri, ku sa masa akwatin katako kowane gefe. Zugazugin nan na kwali ne da aka ninninke, aka lulluɓe da ƙyalle, aka ƙarfafa kusurwoyinsa da fata da ƙarfe. Cikin akwatunan akwai ƴan siraran harsuna na ƙarfe, kowane an kafe gindinsa kan wani falle, bakinsa kuma a sake bisa wata ƴar taga daidai faɗinsa. In ka danna maɓalli sai ƙofa ta buɗe, iska ta bi ta kan harshen, ya kama karkarwa, to karkarwar nan ita ce muryar da kake ji. Dogon harshe mai nauyi ya ba da babbar murya, gajere ya ba da siririya. Abin da ya raba shi da babban akordiyon mai haƙora fari da baƙi irin na fiyano shi ne kowane maɓalli murya biyu gare shi: in ka tura zugazugi ya faɗi ɗaya, in ka ja ya faɗi wata. Maɓalli goma, murya ashirin. Don haka mai kiɗa ba shi da zaɓi, dole hannunsa ya yi ta kai da kawowa gwargwadon hawa da saukar waƙa, kuma daga wannan dolen ne tsallen da ke cikin kiɗan ya fito, wanda ke tada mai rawa ko bai shirya ba. Mafi ƙanƙanta, maɓalli biyu ne kawai gare shi a hannun hagu, suna riƙe wa waƙa gindi. Akwai kuma wani ɗan maɓalli ƙarƙashin babban yatsa wanda ba ya fidda murya ko ɗaya, aikinsa kawai ya bar akwatin ya shaƙi iska ko ya fesar in ta yi masa yawa.

To ga maganar gargajiya. In muka ce gurumi ko kalangu kayan gargajiya ne, muna nufin an san itacen, an san fatar, an san gidan da ke sassaƙawa, amma ba wanda ya san ranar da aka fara. Akordiyon kuwa takardar haihuwa gare shi. A 1829 wani maƙerin kayan kiɗa a birnin Biyena, Cyrill Demian, ya yi rajistar ƙirarsa da wannan suna, nasa maɓalli biyar ne. Cikin ƴan shekaru aka kwaikwaye shi ko'ina, Jamusawa kuma suka mayar da shi kayan masana'anta mai arha. Garin Klingenthal, can kan iyaka da ƙasar Cek ta yanzu, tun tsakiyar ƙarni na 19 ya kama hanyar zama gari guda mai sana'a guda. Aikin ma ba duka cikin masana'anta ake yin sa ba, rarraba shi ake yi gida-gida: wanga iyali na ninke zugazugi, wancan na manna fata, mata da yara duk da hannunsu ciki, a biya su gwargwadon abin da suka gama. A kudu maso yamma, a Trossingen, Matthias Hohner, wanda da maƙerin agogo ne, ya fara yin harmonika, ɗan abin busan nan na baki, a 1857. Ƴaƴansa ne suka ƙara akordiyon a 1903, bayan rasuwarsa. Daga irin waɗannan garuruwa aka riƙa loda wa jiragen ruwa. A Amurka manomi na iya zaɓar nasa cikin katalog ɗin kamfanin Sears, ya aika kuɗi ta gidan waya, akwati ya iske shi har ƙauye. Da yawa ma babu sunan maƙeri a jikinsu, ɗan kasuwar da ya yi oda shi ke zaɓar sunan da za a buga masa. Dillalin da ke nuna maka shi yau kamar aikin wani gwani da ya zauna gindin bishiya ya sassaƙa, labari yake sayar maka, akwatin gyara ne.

Abin dariyar shi ne, masu kishin kiɗan gargajiya na Turai a wancan zamani su ne manyan maƙiyansa. A Biritaniyar Faransa sunan da aka laƙaba masa, boest an diaoul, ma'anarsa akwatin shaiɗan. Jamusawa da kansu suna yi masa shaguɓe da Schifferklavier, fiyanon ƴan jirgin ruwa. Kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Akwatin ƙara gare shi, mutum ɗaya ya cika fili ba lasifika, ba ya bukatar a ɗaure masa tsirkiya ko a saita shi kafin a fara, yaro ya koye shi cikin ƴan watanni. Duk inda ya sauka sai masu gogen Turawa da masu algaitar nan mai salkar iska suka fara rasa gayyata. Ga shi kuma muryoyinsa a kafe suke tun daga masana'anta. Mai goge yana iya zamewa tsakanin murya da murya, ya tsaya inda kunnen garinsu ya saba, akwati kuwa abin da aka zuba masa a Jamus shi kaɗai zai faɗa. Waƙoƙi da dama an miƙe su da ƙarfi don su shiga cikinsa, lanƙwasar da ke cikinsu ta tafi. Mu da muka ga abin da fiyanon situdiyo ya yi wa masu kalangu wurin biki, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Akordiyon shi ne fiyanon situdiyo na ƙarni na 19. Wanda ya kira shi gargajiya ba tare da ya faɗi wannan ba, ya ɓoye rabin tarihinsa.

Duk da haka ban ce bai zama na gargajiya ba. Ya zama. Kwanon da iyayenmu ke jerawa ɗakin amarya daga masana'antun waje ya zo, atamfa ƴar Holan ma haka, amma wa zai tsaya yau ya ce ba namu ba ne? Sai dai wanda ya mayar da su namu ba mai masana'anta ba ne, matan da suka zaɓa, suka raɗa wa kowane zane suna, suka sa shi cikin lefe, su ne. Akwatin Jamus ma hannun da ya karɓe shi ne ya mayar da shi abin da ya zama, kuma mafi yawan hannuwan nan ba na Jamusawa ba ne.

Ku dubi Luwiziyana, a kudancin Amurka, inda talakawan karkara, farare da baƙaƙe, ke magana da wani irin Faransanci nasu. Akwatunan farko da suka iso musu an saita su kan muryoyin da ba su dace da gogensu ba, saboda haka mai akwati daban, mai goge daban. A shekarun 1920 sai ƴan kasuwar New York suka fara shigo da wasu ƙanana baƙaƙe, ƙirar Jamus, masu layi ɗaya da maɓalli goma, da sunayen Monarch da Sterling, waɗanda aka saita kan Do ko Re. Nan goge da akwati suka sami wurin haɗuwa. Mutanen wurin suka raɗa musu suna ƴan baƙaƙe. A 1928 Joe Falcon da Cléoma Breaux suka ɗauki Allons à Lafayette, faifan garmaho na farko na wannan kiɗa. Sai yaƙi ya zo ya datse hanya, bayan yaƙi kuma masana'antu da yawa ko sun rushe ko sun faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas. Akwatunan da ke hannu suka tsufa, babu sababbi irinsu. Me mutanen suka yi? Ba su sa su cikin gilashi suna kuka ba. Farke su suka yi, suka auna, suka kwaikwaya. Sidney Brown a Lake Charles ya fara da gyara, ya koma ƙira, ana ciro harsuna da zugazugi daga wasu akwatuna ana sa wa sabon katako. Daga baya Marc Savoy a Eunice da wasu da dama suka ɗauki sana'ar, har ta kai yau makaɗan wurin akwatin gida suke riƙewa. Da a ce tun lokacin an bi ƙa'idar mai tarawa, ta kar a taɓa ciki, da wannan sana'a ba ta haifu ba.

A Kolombiya ma haka, sai dai su har yanzu Hohner suke so, mai layi uku da ake kira Corona III. Shi ne sarki a kiɗan vallenato, wanda tun 1968 ake yi wa gasa duk shekara a Valledupar, inda Alejo Durán ya fara cin sarauta. Amma babban makaɗi ba ya hawa dandali da akwatin yadda ya fito daga kwali. Sai ya kai shi wurin mai gyara na gari, a buɗe, a sa magagari a kan harsuna, a sauya wasu, a mayar da shi muryar da mawaƙinsa ke iya kaiwa, wadda wataƙila masana'anta ba ta taɓa fiddawa ba. A idon mai tarawa an ɓata shi ke nan. A kunnen mutanen Valledupar sai yanzu ya fara magana. A Kap Ber akwatin da wani guntun ƙarfe da ake karta da wuƙa su ne funaná, kiɗan da masu mulkin mallaka na Fotugal suka raina suka takura. A arewa maso gabashin Barazil mahaifin Luiz Gonzaga, Januário, makaɗin ƙaramin akwati ne kuma mai gyaransa. Kusa da mu, I. K. Dairo ya shigar da mai maɓalli goma cikin kiɗan juju na Yarbawa, ya sa shi bin hawa da saukar harshensu, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1963.

Yanzu mu zo kan yabon nan na ba a taɓa cikinsa ba, don nan ne nake ganin masu tarawa sun fi yin nisa da gaskiya. A yawancin akwatunan nan fallayen da ke ɗauke da harsuna da kakin zuma haɗe da ƙaro ake manna su. Kakin nan yana da kwanakinsa. Bayan shekaru talatin ko arba'in sai ya bushe ya tsattsage, iska ta riƙa zurarewa, wata rana falle ya ɓalle ya faɗa cikin zugazugi yana ƙwal-ƙwal. (Zafi ma ba ya raga masa: wanda ya bar irinsa cikin mota a Damagaram a watan Afrilu, ya dawo ya iske harsuna sun zame.) Kowane harshe kuma yana da ƴar fata da ke rufe tagarsa in iska ta juya. Fatar nan in ba ta aiki sai ta nannaɗe ta sandare. Harsunan ƙarfe su yi tsatsa, murya ta kauce, kwalin zugazugi ya sha danshi ya yi fumfuna, ya riƙa wari. Ke nan akwatin da ya shekara casa'in ba wanda ya buɗe shi, kusan ko shakka babu ba ya kiɗa, ko kuwa yana yi kamar tsoho mai asma. Kafin ya dawo hayyacinsa sai an kankare tsohon kaki an zuba sabo, an sauya fatu ɗaya bayan ɗaya, an goge tsatsa, an sake saita kowane harshe, wani lokaci har a ɗaga muryarsa gaba ɗaya don ta da ta ɗan yi ƙasa da wadda ake amfani da ita yanzu. Duk wannan taɓa ciki ne. Ashe yabon da ke ƙara masa kuɗi a gwanjo, in ka fassara shi da harshen makaɗi, cewa ake yi bebe ne.

Kuma ido ne ke saye a kasuwar nan, kunne ɗan rakiya ne. Akwatin da aka yi wa ado da ƙyalƙyali da takarda mai fure, aka liƙa masa ƴan ƙararrawa da ƴan kakaki na ƙarya a fuska, shi ke kama mai tarawa. Alhali an yi wa da yawansu adon nan ne don su ja hankalin mai duba katalog, cikinsu kuwa harsunan tagulla ne masu arha da ba su daɗe da riƙe murya. Baƙin akwati mara kwalliya, wanda gumin hannu ya cinye fentin gefensa, madaurinsa an sauya shi da ɗamarar wando, shi ne sau da yawa mai muryar. Ni a wurina cinyewar fentin nan ita ce shaidar da ta fi tambarin kamfani, don ba wanda ke yin shekara ashirin yana rungume da akwatin banza.

Nan ne muka iso gida. Fataken Hausawa, da yawansu ƴan Nijar, sun daɗe cikin cinikin gumaka da fuskokin katako na Afirka, daga Abijan har Paris da New York. Christopher Steiner ya rubuta littafi a kansu a 1994, African Art in Transit, akwai kuma fim ɗin In and Out of Africa na 1992 da ya bi wani ɗan kasuwa Bahaushe ɗan Nijar har Amurka. Abin da fataken nan suka gano tuntuni shi ne, Bature mai tarawa ba ya son fuskar katako sabuwa. So yake ya ga an sa ta an yi rawa, ya ga baƙin hayaƙi da maiƙon goshi. Sai aka riƙa ba shi abin da yake so: a rataye ta bisa murhu, a shafa mata goro, a bar ta ta sha ƙasa. Ku lura fa, kayanmu ana son su da dattin aiki, nasu kuma ana son su fes kamar ba a taɓa ba. Kamar ƙa'idoji biyu masu karo da juna, amma uwarsu ɗaya. A duka biyun an tsayar da abin a wata rana da mai saye ya zaɓa, an cire mai amfani da shi daga hoton, sannan aka sa kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce to mene ne? Kuɗinsa ne, ɗakinsa ne, wa ya cuta? In akwatin irin na bila-adadin ne, gaskiya bai cuci kowa ba. Amma akwai inda abin ya taɓa tuwon mutane, kuma Ajantina ce misali. Bandoneon, ɗan uwan akordiyon mai kusurwa huɗu (masana suna sa shi cikin dangin konsatina, amma jini ɗaya ne), ya ɗauki sunansa daga Heinrich Band na Krefeld. A Jamus ƙungiyoyin ma'aikata ne suka fi riƙe shi. Da ya ƙetare teku sai ya zama muryar tango, har ba a iya tunanin Buenos Aires ba shi. Wanda makaɗa suka fi so shi ne na masana'antar Alfred Arnold da ke ƙauyen Carlsfeld, wadda aka kafa a 1911, suna kiransa Doble A saboda haruffa biyu na sunan. Maɓalli 71, murya 142, harsunansa jere kan dogayen fallaye na tutiya. Astor Piazzolla har kiɗa ya tsara da sunansa, Tristezas de un Doble A. Bayan yaƙi hukumomin gabashin Jamus suka ƙwace masana'antar a 1948, a 1964 kuma aka daina ƙera bandoneon a Carlsfeld. Ke nan ƙasa guda, da kiɗan da duniya ta san ta da shi, ta dogara ga tarin akwatunan da aka gama ƙerawa tun zamanin kakanni, kullum raguwa suke ba ƙaruwa ba. Sai ga baƙi masu yuro da dalar Amurka suna zuwa suna saye, wasu don su koya, wasu don su ajiye. Lokutan da kuɗin ƙasar ya faɗi, iyalin da suka gaji akwatin kaka ba su da ƙarfin cewa a'a. Mai kyau ya kai dubban yuro, wato miliyoyin sefa. Yaron unguwa da ke son koyo, a ina zai samu? Har dai majalisar ƙasar ta yi doka a 2009 da ta hana fitar da bandoneon ɗin da ya haura shekara 40 ko wanda wani sanannen makaɗi ya riƙe, sai dai in fita ce ta wasa a dawo. Ƙasar da ta ware ranar 11 ga Yuli, ranar haihuwar Aníbal Troilo, ta zama ranar bandoneon, ita ce ta koma tana gadin iyaka kar a kwashe mata shi. Kowane Doble A da ke kwance cikin kabad a wata ƙasa, akwai ɗalibin da bai same shi ba.

Ba zan hana masu tarawa haƙƙinsu ba. Lokacin da gita da rediyo suka kori akwatin daga gidajen Turai, ana zubar da shi da shara, su ne suka tsince. Da yawan abin da aka sani yau game da ƙananan masana'antun da suka mutu ba su bar takarda ba, daga katalog da tambura da lambobin da suka adana aka san shi. Mai gyara da ke neman ya ga yadda aka yi wani abu a 1910, wurinsu yake zuwa. Gidan tarihin harmonika da ke Trossingen yana da amfaninsa, kamar yadda ɗakin kayan kiɗa na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai ke da nasa. Kuma akwai akwatin da ya tsufa har gyara zai kashe shi, irin wannan a bar shi ya huta, a dube shi. Akwai ma masu tarawa da ke gyarawa su ba matasa aro, waɗannan ba da su nake ba. Da wanda nake shi ne mai ɗaukar lafiyayyen abu, wanda ke da sauran shekara hamsin na kiɗa a cikinsa, ya rufe shi don kar kuɗinsa ya ragu, sannan ya kira kansa mai raya gargajiya. Mun ga yadda ake raya abu a nan ƙasar. Biram, garayar nan mai tsirkiya biyar ta Buduma a tafkin Cadi, sauran kaɗan ta zama abin kallo kawai. Marigayi Malam Mamane Barka tafiya ya yi a 2002 ya zauna gaban Boukar Tar ya koya, ya ɗauke ta ya zaga da ita duniya tana magana.

Wanda ke son ya san abin da akwatin nan yake, kar ya tsaya kallon hotunan gwanjo, ya nemi Amédé Ardoin. Baƙar fata ne ɗan Luwiziyana, ɗan ƙaramin mutum da aka ce bai son aikin gona, ya fi son yawo da akwatinsa daga wannan rawa zuwa waccan. A Disamban 1929 ya shiga ɗaukar faifai tare da Dennis McGee, farar fata mai goge, a zamanin da doka ke raba baƙi da fari har wurin shan ruwa. Akwatin layi ɗaya ne, maɓalli goma, ba shi da rabin muryoyin da fiyano ke da su. Ku saurari yadda yake cike gurbin abin da babu: ya ninka bugu, ya riga lokaci ko ya makara da gangan, ya fizgi zugazugi a inda ba ka zata ba, muryarsa kuma can sama kamar za ta tsage, cikin Faransancin da in kun kasa kunne za ku tsinci kalmomin da muka koya a lakwal. Ya rasu a 1942 a asibitin masu taɓin hankali na Pineville, aka binne shi a kabarin da ba suna. Waƙoƙi 34 ya ɗauka tsakanin 1929 da 1934, ana samun su a intanet, kowace kamar minti uku. In da sauran mega a salula, a sa wa ƴan fada ɗaya kafin shayi na biyu ya nuna.